Takardar da Babu Ibadan a Cikinta

Shekara shida ke nan mutanen Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan, suna cewa ni na hana 'yata kujerar minista. An faɗa a gidan suna, an faɗa a gidan mutuwa, har a layin karɓar magani wata ta nuna ni da haɓa ta ce wa 'yar'uwarta ga tsohuwar da ta zubar wa unguwa da arziki. Ban ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji maganar ta fara fitowa daga bakinku, ku jikokina, alhali wasunku ko haƙori ba su gama fitarwa ba lokacin da abin ya faru. To ku ji daga bakin wadda aka kawo wa takardar.

Wadda nake ce wa Likita ita ce 'yata ta fari, kuma kun san ba na kiran sunanta. Haka muka taso muka tarar: mace ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Tana ƙarama "yarinyar nan" nake cewa, da ta gama karatu Allah Ya kawo min sauƙi na samu "Likita". A nan cikin Sabo na haife ta, a ɗakin da ke bayan siton goro na marigayi kakanku, wata ranar Alhamis ana tsuga ruwa. Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta a Tudun Gawo, can ƙasar Katsina, garin da kakanku ya baro yana saurayi. Shekara biyu ta yi a can, tsohuwar ta rasu, aka dawo mana da ita. Iyakar zamanta a Arewa ke nan. Ku riƙe wannan shekara biyun, za a dawo kanta.

Ni kuwa ban taɓa zama a aji ba sai da na haura hamsin da biyar, bayan na fita takaba. Duk ƙuruciyata a gindin murhu ta ƙare, ina dafa wa fatake da ke sauka gidanmu sayen goro. Abin da ya tunzura ni kwalbar magani ce. Aka ba ni ita a asibiti, na manta ko sau biyu aka ce ko sau uku, na wuni ina jiran wanda zai dawo ya duba min, ga rubutun a hannuna yana kallona ina kallonsa. Washegari na tafi ajin manya da ake yi a zauren Islamiyya bayan la'asar. Mai koyarwar Malama Silifatu ce, Bayarabiya daga Mokola, ta yi ritaya daga koyar da firamare, tana jin Hausa tana murɗa ta yadda ta ga dama, mu kuma muna ce mata Tisha. Kalmar farko da na karanta da kaina ba a allo take ba, a goshin wata mota take a Ojoo. Na tsaya tsakiyar titi ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, har mai okada ya zage ni da Yarbanci. Ibadan. Sama da shekara arba'in da aure ya kawo ni garin, sai ranar na ga kamanninsa a rubuce. Tun daga nan duk inda kalmar ta ɓuya idona yana tsinto ta, ko a cikin Turancin da ya fi ƙarfina.

Shekarar da nake ba ku labari an yi zaɓe, an rantsar da sabon shugaban ƙasa, aka shiga damina ana jiran sunayen ministoci. Likita tana Abuja, ta daɗe tana aikin lafiyar mata masu juna biyu, kuma an ce ita ta tsara wa sabuwar gwamnati takardun abin da za a yi wa asibitoci. Wanda ya kawo min labarin Sallau ne, ƙanin kakanku, dillalin albasa a kasuwar Shasha, ɗan siyasa tun kafin gemunsa ya fito. Tsakanina da shi wasan ƙanin miji ne, ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya faɗo gidan da hantsi, babbar riga tana sharar ƙasa.

"Matata, ajiye tsintsiyar nan ki yi guɗa. Sunan 'yarmu ya shiga."

"Ya shiga ina? Gidan yari?"

"A'uzubillahi, wannan baki naki! Jerin ministoci, Hajiya."

"Wa ya rubuta shi?"

"Manya."

"Manyan ba su da suna? Da biro suka rubuta ko da fensir?"

"Ke dai Allah Ya shirye ki. Tun da kika shiga boko kika lalace."

Da gaske nake tambayar. A ajinmu abin da aka rubuta da fensir ana goge shi, kuma tun ranar abin ya tsaya min a rai: ta yaya ake zaɓen mutum a ce shi ne kan duk asibitocin ƙasar nan? Ni na san yadda ake zaɓen sarkin pawa, na san yadda matan unguwa ke fitar da uwar biki, domin a gabana ake yi. Wannan kuwa babu wanda ya taɓa gani. Kowa na tambaya sai ya nuna sama da yatsa, kamar daga gajimare sunayen ke faɗowa.

Kafin mako ya zagayo gidan ya cika. Mutanen da rabona da su tun sadakar arba'in ta kakanku suka tuna hanya. Na koma "uwar minista". Wani ya kawo ƙwaryar goro, wata ta kawo turare, kowa kuma da ambulan a hammata: takardun ɗansa, takardun ƙaninsa, wannan yana son direba, wancan ko share ofis ne. Na jera su a kan firij har suka kusa taɓa silin. Ba na ɓoye muku, na ji daɗinsu, amma ba don abin da suke zato ba. Littafin ajinmu na riga na haddace shi, ga sabon abin karatu ya zo har gida kyauta. Bayan azahar sai in sauko da ambulan ɗaya in sa tabarau in yi ta haɗa baƙi. A nan na gane yawan 'ya'yan Sabo da suka yi digiri suna tura albasa a baro. A nan kuma na lura da wani abu da ya ɗaure min kai: kowace takarda tana da gurbin jihar asali, kuma ban ga ko ɗaya da aka rubuta Oyo, jihar da muke ciki, ba. Kano, Sakkwato, Zamfara, Katsina. Yaran da na san ranar sunansu, na ci tuwon sunan a nan layinmu, wasu ko Ilori ba su taɓa wucewa ba.

Na kai tambayar aji. Ranar ba a yi lissafi ba, domin mata sun ƙi. Hajiya Gambo mai waina, wadda muke zama benci ɗaya, ta ce ita ta ji malamai ake tarawa su yi istihara a kan kowane suna. Wata ta ce ƙarya ne, matar shugaba ce ke zaɓa. Tisha ta buga allo da tsumman da take goge shi da shi ta ce mu yi shiru. Ta ce shugaban ƙasa ne ke fitar da sunaye, amma ba shi kaɗai ba: gwamna yana kawo nasa, 'yan jam'iyya suna kawo nasu, waɗanda suka sha rana a yaƙin neman zaɓe suna kawo kansu. Doka ta ce kowace jiha sai an ba ta aƙalla minista ɗaya, kuma sai ɗan asalin jihar. Daga nan jami'an tsaro su bi sawun mutum, makarantar da ya yi, inda ya yi aiki, ko ya taɓa yin abin kunya. Sannan a kai shi gaban majalisar dattawa a yi masa tambayoyi, wani a tsare shi awa biyu, wani a ce ya rusuna ya wuce.

"Ya rusuna ya wuce?" in ji Gambo. "To ai ni ma zan iya."

"Ke gwiwar taki za ta bari?" na ce mata.

Da dariya ta lafa na ɗaga hannu, kamar yadda ta koya mana.

"Tisha, to mu 'yan wace jiha ne?"

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Alaja, wannan tambaya ta fi aji uku. 'Yarki Dokita ni na koya mata a firamare, aji biyu, tana zama gaba don gajarta. Yarbancinta ya fi na 'ya'yana. Amma ko za ta shekara ɗari a nan, ba za a ba ta kujerar Oyo ba. Ta Katsina za ta nema."

"Su kuma na Katsina sun san ta?"

"Abin da ban sani ba ke nan."

Na samu amsar bayan kwana goma. Ranar Talata ce, wajen sha ɗaya na safe, Sallau ya zo shi kaɗai, ba babbar riga, ba ihu. Ya zauna bakin tabarma ya tambayi ƙafata, ya tambayi hawan jini, har ya yaba min kunun da ko taɓa shi bai yi ba. Tun nan na san da magana. Ya zaro takarda ɗaya daga jaka, ya zaro wani ƙaramin gwangwani mai faɗi, ya buɗe. Tawada ce, irin wadda ake danna yatsa ranar zaɓe.

"Takardar shekarun haihuwa ce kawai. Ta da ta ɓata, kuma tunda Yaya ba ya raye, uwa ce ke shaida. Kawo babban yatsa."

"Miƙo in gani."

"Turanci ne, Hajiya. Turancin lauyoyi. Ni kaina sai da aka fassara min."

"To miƙo in ga yadda Turancin lauyoyi yake. Ban taɓa gani ba."

Ya miƙo yana murmushi, irin wanda ake yi wa yaro ya ɗauki jarida a juye. Na sa tabarau. Gaskiyarsa, Turancin ya fi ƙarfina, kalmomi dogaye kamar igiyar guga. Amma na ga sunana a sama. Na ga sunan Likita. Na ga shekarar, daidai take. Sai na shiga neman kalmata. Na bi layi-layi da yatsa har ƙasa, ban gan ta ba. Na ce ko ido ne, na koma sama na sake bi. Babu Ibadan. Babu Sabo. A inda ya kamata su zauna, Tudun Gawo na gani, har sau uku.

"Sallau, ina Ibadan?"

"Tana waje, leƙa ki gani."

"A takardar nan nake tambaya."

Murmushin ya tafi. Ya ce in bar wasa, lokaci ya ƙure, ranar Juma'a za a rufe. Ni kuwa na ninke takardar gida huɗu na cusa ta a ƙugun zanina na ɗaure. Ya miƙo hannu, ya tsaya. Duk wasan da ke tsakaninmu bai kai nan ba, shi ma ya sani.

"Ka dawo bayan magariba," na ce masa. "Ka tafi da tawadarka kada ta bushe."

Ban jira la'asar ba. Na hau Keke Napep zuwa Mokola na samu Tisha a gida tana gyaran ewedu, ganyen miyarsu. Ta wanke hannu ta karanta a hankali, tana fassara min layi-layi. Takardar tana cewa ni, da sunana, na rantse cewa a Tudun Gawo na haifi yarinyar, a can ta tashi, a can ta yi firamare a wata makaranta da ruwa ya cinye takardunta, sai da ta girma aka kawo ta Kudu. Da Tisha ta kai wurin firamaren sai ta ajiye takardar a cinya.

"Eh-eh. To ni wa na koya wa? Aljana?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya yage, ta ce kundin tsarin mulki ne. Ban taɓa sanin abu ne da mutum zai iya ajiyewa a ɗakinsa kusa da kwanukan abinci ba, na ɗauka a Abuja yake a kulle. Ta yi ta buɗawa tana lasar yatsa har ta samu wurin. Ta ce ga abin da doka ta ce game da zama ɗan jiha: idan uban mutum ko uwarsa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan asalin wurin ne, shi ke nan. Ba a ce sai a can aka haife shi ba. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta ɗora yatsana a kan layin, ta ɗora. Na daɗe ina kallon baƙaƙen duk da ba na gane rabinsu. Wato Likita 'yar Katsina ce ta wajen ubanta ko da a tsakiyar kasuwar Shasha aka haife ta. To ƙaryar ta mece ce? Wannan tambayar na riƙo har gida, kuma wallahi a lokacin mamaki ya fi fushi yawa a raina.

Kafin in tashi na tambaye ta yadda ake irin wannan rantsuwa. Ta ce a kotu ake yi, akwai masu buga takarda a bakin ƙofa, ka faɗa su buga, ka shiga ofishin rantsuwa ka sa hannu a gaban jami'i a buga hatimi. Ta kuma ce min abu ɗaya da ban tambaya ba: masu neman kujerar nan da yawa suke, kowa yana tonon ɗan'uwansa, kuma takardar ƙarya ba ta ruɓewa. Ko bayan shekara goma wani zai iya zaro ta, ranar ba kujera kaɗai za ta tafi ba, har aikin likitan.

Da na koma gida na jawo adakar kakanku daga ƙarƙashin gado. Tun rasuwarsa ban buɗe ta ba, domin da takardu ne kawai a wurina, duk kamarsu ɗaya. Yanzu kuwa ina da ido. A ƙarƙashin fasfonsa na aikin hajji na samu wadda Sallau ya ce ta ɓata, ta yi ja don tsufa, ga hoton kakanku da hula a karkace, ga yatsansa a ƙasa. Shi ya je ya rantse lokacin da za ta shiga sakandare. Ban sha wahalar nema ba. Sabo, Ibadan, a layi na huɗu.

Sallau ya dawo ana idar da sallar magariba. Na shimfiɗa takardun biyu a gabansa, tsohuwa da sabuwa, na gaya masa abin da littafin Tisha ya ce. Ya saurara har na gama, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Hajiya, littafi ne ke zaɓen minista? Mutane ne. Can gida an taso mata. Sun je wurin gwamna sun ce wannan Bayarabiya ce, ba ta san hanyar garinsu ba, Hausarta ma da gishirin Yarbanci. Suna da nasu ɗan takarar. Gwamna ya ce a kawo masa abin da zai toshe musu baki. Wannan takardar ce."

"To a ce musu ubanta ɗan Tudun Gawo ne. Gaskiya ce, kuma ta isa."

"Ba ta isa ba. Su cibiya suke tambaya, ina aka binne ta."

"Bayan sito. Zo in nuna maka wurin."

"Ai ta zauna a can! Ƙarya na yi?"

"Shekara biyu, tana tsotsar yatsa. Kai ka mai da su goma sha biyu."

Ya matso ya sassauta murya. Ya ce in dubi ambulan ɗin da ke kan firij. Ya ce tun da aka kafa Sabo ba mu taɓa samun ko kansila mai ƙarfi ba, a nan mu baƙi ne, a gida mu 'yan Kudu ne, yau Allah Ya kawo ƙofa ɗaya ni zan rufe ta da hannuna. Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni, domin na karanta takardun yaran nan ɗaya bayan ɗaya, na san sunayensu. Sai ya ɓata ta da kansa.

"Kuma ba rantsuwar Alƙur'ani ba ce. Ta Bature ce, yatsa kawai."

"Allah ba Ya jin Turanci ke nan?"

"Hajiya!"

"Ga yatsan yayanka nan. Idan na danna nawa a kan taka, ɗayanmu maƙaryaci ne. Shi yana kabari ba zai iya kare kansa ba. Kai za ka faɗa wa 'ya'yansa wanne ne?"

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. A bakin ƙofa ya juyo.

"Yatsa dai yatsa ne. Akwai tsofaffi da yawa a Sabo, kuma injin da ya buga wannan bai mutu ba. Na zo ne don girmamawa."

Da ya fita na zauna da waya a hannu. Ku da kuke kiran iyayenku mata sau goma a wuni ba za ku gane ba. Ni ban taɓa kiran Likita da kaina ba. Ita ke kira ranar Juma'a, ta gaishe ni, in ce lafiya lau, in tambayi yara, in miƙa wa wani wayar. Saƙo mai nauyi ta bakin ƙannenta yake bi. Amma wannan ba na aike ba ne. Na nemo lambar da kaina, na danna.

"Inna? Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau. Baffanku ya kawo takarda."

Na ɗora da tambaya:

"Kin karanta ta?"

Na ji numfashinta, na ji hayaniyar mutane a bayanta, na ji ta rufe wata ƙofa.

"Na karanta, Inna."

Da ta ce ba ta sani ba, da abin ya zo min da sauƙi. Ta yi magana mai tsawo, wadda ba ta taɓa yi da ni ba. Ta ce shekara ashirin tana rubuta wa ministoci abin da za su yi suna sa wa a aljihun tebur. Ta ce ta san asibitocin da mata ke haihuwa a ƙasa da fitilar waya, ta san abin da za ta yi a wata shida na farko, ta tsara shi tsaf. Ta ce wanda ake so a ba wa a madadinta ko allura bai taɓa riƙewa ba. Ta ce layi ɗaya ne a takarda, kuma ai ta zauna a garin.

"Inna, ba ki taɓa roƙona komai ba, ni ma ban taɓa roƙonki ba. Yau ina roƙo."

Na so in ce mata ranar da aka haife ta ruwa ya shigo ɗakin har ya ɗaga tabarma, ungozoma ta ɗora ta a kan buhun goro don kada ta jiƙe, kuma kwana uku jikinta yana ƙanshin ganyen da ake rufe goro da shi. Ban taɓa gaya mata ba, kunya ba ta bari ba. Ranar ma ban faɗa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Allah Ya yi miki albarka. Ba zan danna ba."

Ta ce to. Ta kashe.

Sauran kun san shi. Da sunaye suka fito babu nata, wancan mutumin aka ba. Masu ambulan suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓe kayansu, wasu ko sallama babu. Sallau ya shekara bai taka gidan nan ba, kuma har yau wasan bai dawo ba, "Hajiya ina wuni" ce kawai. Likita ta yi Sallah huɗu ba ta zo Sabo ba, ta biyar ta zo, ta kwana a ɗakina, ba mu tayar da maganar ba. Ko da na danna za a ba ta? Ban sani ba. Na yi ta bin labarin yadda ake zaɓen nan har yau, duk lokacin da za a naɗa minista ina zama gaban rediyo da littafina, kuma abin da na gano shi ne har ranar ƙarshe da fensir ake rubutawa. Matan da ta ce suna haihuwa a ƙasa kuwa, ina tuna su fiye da yadda kuke zato. Ban ce abin bai ci komai ba.

Amma ƙin dannawa ba shi ne abin da Sallau bai yafe min ba. Maganarsa ta bakin ƙofa ce ta tsaya min: akwai tsofaffi da yawa a Sabo. Idan na yi shiru, ranar Juma'a takarda za ta tafi Abuja da sunana a sama da yatsan wata a ƙasa, ta zauna a cikin fayil tana jiran ranar da maƙiyin yarinyar nan zai zaro ta. Abu ɗaya ne zai hana su aika ta: su san akwai wata, mai hatimi, wadda ni da kaina na yi.

Da gari ya waye na yi wanka na sa atamfar da nake zuwa suna da ita. Na ɗauki tsohuwar takardar kakanku da tabarau da biron ajinmu, na tari keke a bakin masallaci na ce kotu. A bakin ƙofar na samu mai buga takarda, wani dattijo Bayarabe a ƙarƙashin lema, muka yi ta da Yarbancina na kasuwa. Na ce takardar haihuwa nake so, kwafi uku: ɗaya tawa, ɗaya ta Abuja, ɗaya in kai wa Sallau a Shasha da hannuna. Ya zura takarda a inji, ya tambayi sunana, na faɗa. Ya tambayi garin da aka yi haihuwar, na ce Sabo, Ibadan, kuma ya buga da manyan baƙaƙe yadda zan gani. Ya buga, na leƙa, tana nan.

"Wa aka haifa, Mama?"

"'Yata ta fari."

"Sunanta?"

Na tura masa tsohuwar takardar na ce ya kwafa. Ya ture ta da bayan hannu ba tare da ya duba ba. Ya ce shi abin da mai rantsuwa ya faɗa da bakinsa yake bugawa, kuma a ciki ma sai na sake faɗa a gaban jami'i, gara in saba tun a nan. Akwai mutane a bayana suna jira, rana ta fara zafi, yatsunsa suna kan injin. Shekara arba'in da huɗu sunan yana bakina ban taɓa bari ya fito ba. Na gyara mayafi.

"Zulaihatu," na ce. "Ni na haife ta."